Ɗaki Biyu a Bayan Majami'a

Talata, da hantsi

Kanari ba ta sa komai a bakinta ba tun jiya. Na ajiye mata kwano a gefen katifa, na je shago na dawo, na same shi yadda na bar shi. Shekararta goma sha tara, amma ta naɗe jiki ta fuskanci bango kamar 'yar yaye. Ubanta ne ya sa mata wannan suna, don tun tana rarrafe bakinta ba ya hutawa da waƙa. Yau ɗakin tsit, sai kukan tsohuwar fankarmu.

Abin da ta faɗa mini ranar Asabar, da ta dawo daga koyon waƙa, ba zan rubuta shi ba. Na ji da kunnena, ya ishe ni. Na wanke rigar da ta dawo da ita tun ba ta gama magana ba. Ban san me ya sa na yi wannan saurin ba.

Baban yara direban Baba Fasto ne. Ɗaki biyun nan da muke ciki a bayan majami'a na ikilisiya ne. Shagon ɗinkina da ke jikin katanga na ikilisiya ne. Makarantar da ƙannen Kanari biyu suke zuwa ta ikilisiya ce. Malamin waƙa kuwa ɗan Baba Fasto ne na fari.

Na jera su ne don in gani da idona. Na gani.

Laraba, da yamma

Mun je ofishin Baba Fasto, ni da baban yara. Shi ya ɗaura mana aure, shi ya yi wa yaran nan baftisma, shi ya zauna da ni a asibiti ranar da mahaifiyata ta cika. Ina shiga hawaye suka zo mini, don na ɗauka wurin uba na zo.

Ya saurare ni har ƙarshe, bai katse ni ba. Ya sa aka kawo mana ruwan sanyi. Sannan ya cire tabarau ya ce, "Maman Kanari, bari in tambaye ki. Kin yarda Allah ne ya kira ni wannan aiki?"

Na ce, "Na yarda, Baba."

"Kin yarda wanda Allah ya kira, Allah yana tsare gidansa?"

"Na yarda."

"To 'yata, ai kin amsa wa kanki."

Ya yi mana addu'a mai tsawo, mai daɗi. Baban yara ya yi godiya har da durƙusawa. Sai da muka iso bakin famfo na ja na tsaya, na ce, "Wai me na amsa?" Ya ce, "Ke dai mu je gida."

Tambaya biyu aka yi mini, duka na ce i. Amma wadda ta kai ni wurin ba a taɓa ta ba, kuma an ce na amsa ta.

Alhamis, da safe

Lafiya lau muke. Haka nake ce wa duk wanda ya tambaya.

Juma'a, da rana tsaka

Mama Fasto ta zo shago da yadi a leda. Ta zauna a bencin masu jira, ta sa ƙafa ta tura ƙofar.

"Ke uwa ce, ni ma uwa ce," in ji ta. "In da gaske ne, me ya hana ta ihu? Ɗakin mawaƙa ai ba a daji yake ba."

Na ce, "Mama, ta ce muryarta ta ƙi fita."

"Mawaƙiya guda, muryarta ta ƙi fita?" Ta yi 'yar dariya. Can ta ce, "Tana kuka?"

Na ce dare da rana.

"Kin gani ko? Zuciyarta ce ke tuhumarta. Mai gaskiya ba ya irin wannan kuka."

Na auna kafaɗarta, na auna hannu, na auna tsawo. Hankalina ba ya wurin, har na rubuta awon ƙugu a wurin na ƙirji. In na ɗinka haka za ta fito kamar tulu.

Asabar, da yamma

Na lallaɓa Kanari ta fita ɗebo ruwa, ko ta sha iska. Sakataren ikilisiya ya gan ta a bakin famfo. Daga baya ya tsaya a ƙofar shago ya ce mini, "Na ga mutuniyar. Ido a bushe, ko ɗigon hawaye babu. Wadda aka zalunta da gaske ai ba ta iya ɗaga kai haka."

Jiya kuka ne ya kama ta. Yau rashin kukan.

Lahadi, bayan sujada

Baba Fasto bai kira sunan kowa ba. Ya yi wa'azi a kan yadda Shaiɗan ba ya shigowa ta ƙofar gaba, sai dai ya ari bakin wani na cikin gida. Ya buga hannu a kan teburi ya ce, "Ko kana tare da gidan Allah, ko kana tare da maƙiyi. Babu benci a tsakiya!" Majami'a ta ɗauki amin har rufin kwano ya amsa. Ni ma na ce amin. Bakina ne ya faɗa, bai yi shawara da ni ba.

Malamin waƙa ya ja mawaƙa kamar kullum. Rigar da ke jikinsa, shuɗiya mai farin wuya, ni na ɗinka ta. Na san inda na warware hammatar na sake, don ya ce tana matse shi. Wurin Kanari a layi na biyu an matso an cike shi, ba ka ce an taɓa yin mutum a wurin ba.

Litinin, da hantsi, a shago

Mai ɗinki ba ya yarda da riga sai ya juya cikinta. Yau keke na gudu, ni kuma ina juya maganar jiya.

Babu benci a tsakiya. To ni fa? Ina son gidan Allah, a cikinsa na girma, ban san wani ba. Kuma na yarda da 'yata. Duka biyun suna cikin ƙirjina, ba wanda ya kori wani. Ashe akwai bencin, tunda ga ni zaune a kansa. Wanda ya ce hanya biyu ce kawai, shi ne ya tsaya ya tare ta ukun da jikinsa.

Na tsorata da kaina. Har na tashi na leƙa waje, kamar tunani yana da ƙara.

Laraba, da yamma

Yau aka yi zaman dattawa. Baba Fasto a tsakiya, Sakatare a dama, dattijo mai kemis a hagu. Mu uku a benci ɗaya, Kanari a tsakaninmu. Na duba ban ga Malamin waƙa ba. Aka ce yana azumi da addu'a, bai kamata a dame shi ba.

Suka sa ta faɗa. Ta faɗa. Suka sa ta sake daga farko. Da ta sake, sai mai kemis ya ce ɗazu ta ce ƙofar a rufe take, yanzu ta ce shi ya rufe ta, wanne ne gaskiya?

Sakatare ya ce, "An gan ta a bayan babur ɗin wani saurayi watan jiya."

Na ce, "Ɗan yayata ne. Ni na aike su sayo zare."

Ya ce, "Ba wannan ake tambaya ba."

To me ake tambaya? Shi ya kawo babur ɗin, ba ni ba.

Mai kemis ya gyara zama ya ce, "Maman Kanari, ki yi mana adalci. Dubi jama'ar da ke samun albarka ta waƙar yaron nan. Har kuka suke yi. Duk makafi ne, ke kaɗai ke da ido? Kuma in muka buɗe wannan ƙofa yau, gobe duk yarinyar da aka yi wa faɗa za ta ƙaga nata, jibi ba wanda zai yarda ya koyar da yara, gata majami'a ta watse. Kina so a ce a hannunki gidan Allah ya rushe?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ai ba na so. Amma ni ban zo da gobe da jibi ba. Da Asabar ɗaya na zo.

Sai Baba Fasto ya juya a hankali ya ce, "Direba, ranar Asabar ɗin nan, ba kai ka kai shi gaishe da marasa lafiya ba? Ba sai da duhu ya yi kuka dawo ba?"

Baban yara ya kalli takalminsa.

"Direba?"

Ya ce, "To."

Sakatare ya rubuta. Aka yanke: Lahadi ta sama Kanari za ta tsaya gaban ikilisiya ta roƙi gafarar ƙazafi. In ta yi, za a karɓe ta da hannu biyu. In ba ta yi ba, ba su faɗi abin da zai biyo ba. Baba Fasto dai ya tambayi lafiyar rufin ɗakinmu, ko har yanzu yana yoyo.

Alhamis, da safe

Kanari ta daina gaida ubanta. In ya shigo, ta fita. In ya fita, ta shigo.

Asabar, da dare

Auta ya tashi da zazzaɓi, jiki kamar wuta. Mama Fasto ta zo dubiya, ta dafa goshinsa, ta dube ni da tausayi. "Kin gani? Tun da shakka ta shiga gidan nan. Allah ba ya barci, 'yata."

Da ta fita na durƙusa na yi kuka, na ce Ubangiji in laifina ne ka ɗora mini, ka ƙyale yaro. Na yarda da ita. Wallahi na yarda, har kusan la'asar.

Sai na je kemis, na tarar da mata biyar a layi, duk iyayen 'yan ajin Auta, duk zazzaɓi ɗaya. Har da jikar Sakatare. Su kuma shakkar wa ta shiga gidajensu?

Lahadi, da yamma

Ban je ba. Na ce jinya nake yi. Amma bangonmu da bangon majami'a ɗaya ne, duk waƙar da aka yi a cikin ɗakina aka yi ta. Kanari ta sa filo a ka.

Litinin, da hantsi

Mata uku sun zo sun karɓe yadinsu ba a ɗinka ba. Ɗaya ta ce ta fasa bikin, ɗaya ta ce za ta canza salo. Ta ukun, wadda muka yi goyo tare, ba ta iya ƙarya ba. Ta ce, "Ki yi haƙuri, an ce kada a riƙa zama a shagonki." Na ce wa ya ce? Ta ce, "An dai ce."

Lafiya lau muke.

Talata, da yamma

Yaya ta zo. Ita ce babbarmu, ta bar ikilisiyar nan da daɗewa, bayan aurenta ya mutu aka ce ita ce ba ta iya biyayya ba. Ta shiga wurin Kanari ta daɗe. Da ta fito idonta jawur, ta ce, "Ke, kin kai yarinyar nan asibiti?"

Na ce Baba Fasto ya ce wanda ya kai maganar gida waje, Allah ya kai ƙara.

Ta ce, "Allah ne ya shiga ɗakin mawaƙa ranar?"

Na ce, "Yaya, yi a hankali, bango na da kunne."

Ba a yi awa guda da tafiyarta ba aka aiko Baba Fasto na kira na. Ya ce, "Na ji kin yi baƙuwa. Matar da ta kasa riƙe gidanta, ita za ta koya miki riƙe naki?"

Na sunkuyar da kai. Amma a hanyar dawowa na lura bai ce shawararta ba daidai ba ce. Bai ma tambayi me ta ce ba. Ko ita wace ce kawai ya faɗa. In bazawara ta ce maka rigarka ta kama wuta, sai ka tsaya neman takardar aurenta?

Laraba, da rana

Na ce wa maƙwabta za mu kasuwa sayen maɓallai. Yaya na jiranmu a bakin titi, muka wuce asibiti.

Ma'aikaciyar jinyar mace ce mai sanyin hali. Ba ta tambayi me ya hana ta ihu ba. Ta dai tambayi rigar. Na ce na wanke. Ta ci gaba da aikinta. Ta ce mun makara ga wasu abubuwa, amma ba duka ba. Ta ce akwai inda ake kai irin wannan ƙara, duk ranar da Kanari ta shirya. Kanari ta ce ba yanzu ba.

Na sayi maɓallan a hanyar dawowa, don kada in shigo hannu biyu.

Alhamis, da sassafe

Baban yara yana wanke motar Baba Fasto. Na kai masa bokiti. Ya daɗe yana goge wuri ɗaya a jikin ƙofa, inda babu datti. Bai dube ni ba ya ce, "Ranar Asabar ɗin nan motar tana wurin makanike."

Na ce, "Na sani. A gabana ka dawo da ƙafa."

Ya matse tsumma. Ya ce, "Ni ban ce i ba. To na ce."

Na ce, "Sakatare i ya rubuta."

Sai ya juyo, na ga fuskarsa ta faɗa kamar wanda ya tashi daga ciwo. Ya ce, "To ina za mu je? Faɗa mini. Da yara uku, da keken ɗinki, da furfurar nan. Ina?"

Wannan kam tambaya ce ta gaskiya, ba irin tasu ba. Na ɗauki bokitina na tafi.

Juma'a, da yamma

Na dawo daga shago na ji magana a ɗaki. Kanari ce tsaye gaban madubin da ya tsage, hannu a haɗe, tana maimaitawa: "Ina roƙon gafarar Baba Fasto da iyalinsa da dukan ikilisiya."

Na ce, "Me kike yi?"

Ta ce, "Mama, in na faɗa ai za a bar ku a ɗakin. Za a bar su Auta a makaranta." Sai ta ce, "Kuma wataƙila ni ce. Mutane da yawa haka ba za su yi kuskure ba. In da gaske ne ai da na yi ihu."

Muryar tata ce, maganar ba tata ba. Na ji mai kemis, na ji Mama Fasto, duk sun shiga bakin 'yata sun zauna.

Na kama kafaɗunta na ce, "Ke kika shiga ɗakin nan ko su?"

Ta ce, "Ni."

"Su suna wurin?"

"A'a."

"To wa ya fi ki sani?"

Ta faɗo jikina. Mun daɗe a tsaye haka, har abinci ya kama a tukunya.

Asabar, da la'asar

Na haɗa mata kaya a jaka ɗaya. Ɗan Yaya ya zo da babur ɗinsa ya ɗauke ta ta ƙofar gaba, da rana tsaka, kowa na gani, zuwa gidan Yaya, wadda yaran ke kira Inna. Ubanta yana tsaye jikin mota. Ba ta dube shi ba.

Lahadi, bayan sujada



Bayan wa'azi Baba Fasto ya ce akwai 'yar ikilisiya da ke da magana a gaban Allah da jama'a. Ya kira ta. Shiru. Ya sake kira. Kawuna suka juyo bencinmu.

Na tashi. Ban shirya ba, na dai ga kaina a tsaye. Na ce, "Baba, ba ta nan. Ni na tura ta. Amma ina da tambaya ɗaya. Ta yi kuka, an ce laifi ne ke cin ta. Ta daina kuka, an ce ƙarya ce. Ta yi magana, an ce ƙazafi. Ta yi shiru, an ce ta amsa. Ku faɗa mini abu ɗaya tak da za ta yi ku ce gaskiya ta faɗa. Ɗaya. In je in gaya mata ta yi."

Bai ɗaga murya ba. Ya girgiza kai ya ce, "Jama'a, tambayar nan kanta ta nuna mana wanda ke magana ta bakinta. Mu yi mata addu'a da waƙa."

Ɗansa ya ɗaga hannu, ganga ta tashi. Sai kowa ya miƙe, kamar yadda ake yi. Tsayuwata ta ɓace a cikin tasu, na zama ɗaya daga cikin masu waƙa, sai dai bakina a rufe. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan waƙa ba. Suka yi ta har baiti na ƙarshe, suka maimaita.

Da aka gama kowa ya zauna. Ni ban zauna ba. Na ɗaga ido, sai na ga can ɓangaren maza akwai wani da bai zauna ba shi ma. Hularsa a hannu, yana murza ta.

Ya ce, "Ranar motar tana wurin makanike. Ban kai shi ko'ina ba."

Muryarsa ba ta kai gaba ba. Benci biyu ko uku ne suka ji. Amma na ga maganar tana tafiya baki zuwa kunne, layi zuwa layi, har ta isa wurin Sakatare. Baba Fasto ya rufe sujada da sauri, ko sanarwa ba a yi ba.

A bakin ƙofa ba wanda ya gaishe mu. Wata tsohuwa daga zumuntar mata, wadda ba mu saba ba, ta matse mini hannu ta wuce, ba ta ko kalle ni ba.

Litinin, da yamma

Da safe na tarar da sabon kwaɗo a ƙofar shago, kekena a ciki. An dawo da su Auta daga makaranta kafin tara. Sakatare ya zo ya karɓi makullin mota, ya ce ikilisiya na bukatar ɗakunan a ƙarshen wata, kuma ba don komai ba ne, gyaran rufi za a yi. Malamin waƙa, an ce, ya tafi hutu wurin kawunsa. Ba wanda ya ce an yi kuskure.

Baban yara ya wuni a kan kujera a ƙofar ɗaki, hannu a cinya, bai san me zai yi da su ba.

Wajen la'asar waya ta yi ƙara. Kanari ce. Ta ce, "Mama, Inna ta ce an ce Baba ya tashi."

Na ce, "Ya tashi."

"Ya faɗa?"

"Ya faɗa."

Can ta ce, "Ba shi wayar."

Na miƙa masa. Ya goge tafinsa a jikin wando, ya karɓa da hannu biyu, ya zagaya bayan ɗaki. Ban bi shi ba.

Ban san inda za mu kwana wata mai zuwa ba. Na hau kujerar da ya tashi a kai, na fara sauke labule.